Kundin aikin ɗibar ruwan teku don gidan rainon kawa a gaɓar Elmina ta ƙasar Ghana

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

An kammala ginin rumfar raino kuma an girke tankuna, amma har yanzu babu ɗigon ruwa a cikinsu, kuma samo ruwan shi ne ɓangaren aikin da aka ɗora mini. Abin da za mu raina shi ne kawar da ke mannewa a saiwar itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri-gishiri na bakin koguna, wadda masana ke kira Crassostrea tulipa, irin wadda mata ke tsinta a bakin kogin Densu kusa da Accra. Babbar kawa halitta ce mai juriya, domin idan ruwa ya ɓaci takan rufe ɓawonta ta jira har ya gyaru. 'Ya'yanta ba su da wannan gata. Ƙwan da aka barbara yakan zama 'yar tsutsa mai ɓawo cikin kwana guda, girmanta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, sannan ta yi ta yawo a cikin ruwa na mako 2 zuwa 3 kafin ta sami abin da za ta manne wa. A tsawon wannan lokaci duk abin da ke cikin ruwan yana shafarta kai tsaye, ko laka ce, ko ɓurɓushin man inji, ko ƙwayoyin cuta.

Ruwa iri uku muke buƙata. Iyayen kawa za su wadatu da ruwan da aka tace da yashi kawai. Tsutsotsi suna buƙatar wanda aka tace har zuwa maikuron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, aka kuma ratsa da shi ta ƙarƙashin fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Gansakukar da za mu noma a matsayin abincinsu, wato Isochrysis da Chaetoceros, ita ce mafi tsananin sharaɗi, domin idan wata halitta ko guda ta shiga kwalbarta za ta cinye ta ko ta rinjaye ta cikin kwanaki kaɗan.

Na bi gaɓar da ƙafa da kuma cikin kwalekwale domin in san abin da ke zubowa cikin tekun. A gabas da mu akwai tafkin Benya, wanda shi ne tashar kwalekwalen Elmina, kuma ruwansa ɗauke yake da mai da ƙazantar kifi da ta gari. Gaba da shi akwai bakin kogin Kakum, sannan tafkin Fosu na Cape Coast. Waɗannan ba su tayar mini da hankali sosai ba, domin ruwan wannan gaɓa daga yamma yake gangarawa zuwa gabas a mafi yawan shekara, don haka abin da suka zubar nesa da mu yake nufa. Abin dubawa shi ne abin da ke yamma da mu, wato kogin Pra da ke faɗawa teku a Shama, wanda haƙar zinariya ta bayan fage, da ake kira galamse, ta cika da laka.

Laraba, 24 ga Afrilu

Yau aka yi ɗibar farko. Na zaɓi ranar ne da lissafin wata, domin teku yana cika sau biyu a kowace rana, kuma cikar tana jinkirta da kimanin minti 50 daga yau zuwa gobe, sannan tana kai matuƙa a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Wanda ya saba bin kwanan watan Musulunci ba ya buƙatar dogon bayani a nan: farkon wata da sha huɗu zuwa sha shida su ne kwanakin babbar cika. A wannan gaɓa bambancin cika da janyewa bai kai mita 2 ba, amma ya isa ya sauya irin ruwan da mutum zai tarar, domin lokacin cikowa ruwan tsakiyar teku ne ke turowa zuwa gaɓa, lokacin janyewa kuwa ruwan tafkuna da magudanu ne ke fitowa. A kwanakin babbar cika ruwan yana kai ƙololuwa wajen asuba da kuma bayan la'asar, kuma na fi son ta asuba saboda iska ba ta taso ba tukuna.

Mun fita da kwalekwalen wani dattijo Bafante zuwa kimanin kilomita 2 daga gaɓa. Shi ba ya amfani da wata na'ura wajen gane wuri. Yana daidaita ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da tudun da ke bayanta, sai ya ce a tsaya. Na zura farin faifai ɗaure da igiya mai alamar mita domin auna hasken ruwa, dabarar da aka san ta tun 1865 da sunan Angelo Secchi. Kusa da inda igiyar ruwa ke fashewa faifan ya ɓace kafin ya kai mita guda, amma a wurin da muka tsaya na ci gaba da hangen sa har ya wuce mita 6. Gishiri ya nuna 35 cikin dubu, wanda shi ne na tsakiyar teku, zafin ruwa kuwa digiri 29.

Na ce masa, "Egya (wato Baba da Fantanci), a kashe injin, mu bar iska ta ɗan gusa da mu tukuna." Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗin mai ya shigo teku don ya ɗebi ruwa ba, alhali ga shi nan a bakin gaɓa kyauta. Dalilin kashe injin shi ne irin waɗannan injuna da ake gauraya musu fetur da baƙin mai suna barin wani siririn maiƙo a saman ruwa. Saboda haka daga goshin kwalekwale muke ɗiba, ta ɓangaren da iska ke fitowa, kuma muna zura bakin tiyo kimanin mita guda ƙasa da fuskar ruwa, tunda a fuskar ne maiƙo da ƙura da ƙwayoyin cuta suka fi taruwa.

Batun mazubi ya ci mana lokaci. Jarkokin nan masu ruwan ɗorawa na lita 25, waɗanda a nan ake kira galan ɗin Kufuor, su ne suka fi arha, amma asalinsu na man girki ne, kuma duk wankin da aka yi musu da sabulu idan aka shafa yatsa a ciki sai an ji santsi, ga kuma ragowar sabulun da ita ma guba ce ga tsutsa. Na sayi sababbi farare, na jiƙa su da ruwan teku na mako guda ina sauyawa kafin a fara aiki da su. Lita guda ta ruwan teku ta ɗan ɗara kilo guda, don haka jarka 40 sun haura tan guda, kuma wannan shi ne iyakar abin da mai kwalekwalen ya yarda ya ɗauka. Ana rufe kowace jarka tun a can, domin ta cikin tashar Benya muke komowa, sannan a ɗauraye bayansu kafin a loda su a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zuwa rumfa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Layin tacewa ya fara aiki. Ruwa yana kwana a baƙin tanki mai murfi domin abin da zai kwanta ya kwanta, daga nan ya bi ta matatar yashi, sai matatun zare na maikuron 10 da 5 da 1 a jere, fitilar UV kuma ita ce ta ƙarshe. Jerin yana da dalili, domin hasken fitilar ba ya kashe abin da ya ɓuya a bayan ɗigon laka, don haka idan ruwa bai yi garau ba kunna ta asarar wuta ce.

Mai kawo mana kaya ya haɗo da kan famfo guda biyu na tagulla a madadin na roba da aka rubuta masa, yana cewa sun fi ƙarko. Sun fi ƙarko kam, amma an mayar masa da su, domin jan ƙarfe yana narkewa a ruwan gishiri, kuma 'yan maikurogiram kaɗan a cikin lita sun isa su lalata ƙwan kawa. Haka ma tutiyar da ake shafa wa bokitin ƙarfe da kwanon rufi. Wani daga cikin yaran aiki ya kawo shawarar a riƙa jefa alif domin laka ta yi saurin kwanciya, na ce masa a'a, duk abin da za mu zuba a ruwan nan sai mun san yadda za mu cire shi.

Litinin, 27 ga Mayu

Damina ta kankama, kuma tun makon jiya launin teku ya sauya. Bayan ruwan sama mai ƙarfi da aka yi, wani faffaɗan zirin ruwa mai launin koko ya biyo gaɓa daga yamma, kuma iyakarsa da shuɗin ruwa a fili take ta yadda mutum zai iya nuna ta da yatsa daga cikin kwalekwale. Wannan ruwan Pra ne. A wurin da muka saba ɗiba gishirin saman ruwa ya sauka zuwa 29, faifai kuma ya ɓace a ƙasa da mita 2. Da na zura tiyo mita 3 sai gishiri ya koma 33, domin ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka a sama yake shimfiɗuwa.

Saukar gishirin kanta ba matsala ba ce, tunda kawarmu 'yar bakin kogi ce, kuma mu da kanmu muna sirka ruwan tsutsotsi ya dawo 25, wato kashi 5 na ruwan teku da kashi 2 na ruwan daɗi. Amma akwai bambanci tsakanin ruwan daɗin da muka zaɓa muka tace da wanda ya wanko gonaki da ramukan haƙar zinariya da kwatocin garuruwa. A wurina ma'aunin gishiri ɗan aike ne: idan ya nuna ƙasa da 33 a tsakiyar teku, yana sanar da ni cewa ruwan kan tudu ya iso, tare da duk abin da ya ɗauko wanda ba ni da na'urar ganinsa.

Don haka na kafa ƙa'ida, na rubuta ta a allon rumfa. Ba a ɗiba sai an yi kwana 3 da ɗaukewar ruwan sama mai ƙarfi, ba a ɗiba idan gishiri ya gaza 33 ko faifai ya ɓace kafin mita 3, kuma ba a ɗiba lokacin janyewa ko da ruwan ya yi kyau a ido. Ranar Talata ta fita da kanta, domin masuntan wannan yanki ba sa shiga teku a ranar bisa al'adarsu, kuma baƙo ba ya karya ta. Idan aka haɗa waɗannan sharuɗɗa da kwanan wata, ranakun da suka rage a watan Yuni ba su da yawa.

Ruwan sirkin ma sai da aka yi masa shawara. Na famfo yana da kulorin, na sama da ake tara daga kwanon rufi yana da tutiya. An tsayar da cewa a tara na famfo a tanki, a hura masa iska, a ratsa da shi ta matatar gawayi, kuma a gwada shi kafin a zuba.

Asabar, 8 ga Yuni

Shugabar aikin ta tambaye ni dalilin da ya sa muke kashe kuɗin kwalekwale alhali muna da layin tacewa da zai iya mayar da ruwan bakin gaɓa garau. Tambaya ce da ta dace, kuma na ce mata, "Hajiya, ki ba ni kwana biyu, kawar ce za ta ba mu amsa da kanta."

Gwajin ba shi da wuya. An buɗe manyan kawa da suka nuna, aka ɗebi ƙwai da maniyyi aka barbara, sannan aka raba ƙwan daidai-wa-daida cikin kwalabe na ruwa iri uku da aka daidaita gishirinsu da zafinsu. Na farko ruwan tsakiyar teku ne na watan Mayu da ya bi duk layin tacewa. Na biyu ruwan tsakiyar tekun ne amma an tace shi da ƙyallen maikuron 5 kawai. Na uku ruwan bakin gaɓa ne da aka ɗiba da bokiti lokacin janyewa, shi ma ya bi duk layin har da fitila, kuma idan aka ɗaga kwalbarsa a rana ba za a bambanta shi da na farko ba.

Washegari aka ɗebi ɗigo daga kowace kwalba aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Lafiyayyar tsutsa mai kwana guda tana da siffar harafin D, ɓawonta biyu sun haɗu a kan miƙaƙƙen layi, kuma tana juyi a cikin ɗigon da wasu 'yan gashi da ke kaɗawa a gabanta, idan aka ƙwanƙwasa gilashin ta janye su ta rufe ta nutse. Wadda ruwa ya cutar kuwa, ko layin haɗin ɓawon ya lotsa, ko naman ya leƙo waje ɓawon ya kasa rufe shi, ko kuma ta tsaya dunƙule babu ɓawon gaba ɗaya tana zagaye wuri guda. A kwalbar farko da ta biyu mafi yawansu lafiyayyu ne, kuma tazarar da ke tsakanin kwalaben biyu ba ta taka kara ta karya ba. A ta uku lafiyayyun ba su kai rabi ba.

Abin da na fahimta shi ne matata tana cire abin da ke da jiki, fitila tana kashe abin da ke da rai, amma babu ɗayansu da ke taɓa abin da ya narke, ko ƙarfe ne ko sabulu ko maganin feshi ko mai. Wannan sai dai a guje masa tun a wurin ɗiba. Hajiya ta duba madubin da kanta, ta sa hannu a kan kuɗin kwalekwale har zuwa ƙarshen shekara.

Alhamis, 20 ga Yuni

Muna tara ruwa saboda watan gobe. Gwamnati ta sanar da rufe kamun kifi ga masu kwalekwale daga 1 zuwa 31 ga Yuli, manyan jiragen jan koma kuma har ƙarshen Agusta. Mu ba kifi muke kamawa ba, amma dattijon ya gaya mini ƙarara cewa ba zai bari a ga kwalekwalensa a kan ruwa a watan ba, domin babu wanda zai yarda ruwa ya je ɗiba, kuma ban ga laifinsa ba. Hutun Babbar Sallah da ruwan sama sun cinye wasu ranaku, don haka idona yana kan cikar tsakiyar wata da ke tafe a ƙarshen makon nan.

Ruwan da za a ajiye yana buƙatar duhu da murfi. A kwanakin farko ƙwayoyin bakteriya suna ƙaruwa a cikin tanki, domin ƙananan halittun da aka ɗebo suna mutuwa su zame musu abinci, sai bayan makonni abincin ya ƙare yawansu ya ragu. Saboda haka ruwa mai kwana 2 ko 3 a tanki ya fi sabo haɗari, ya kuma fi tsoho haɗari, kuma na sa an rubuta ranar ɗiba a jikin kowane tanki da alli. Muna tace shi tun kafin ajiya domin a rage abin da zai ruɓe.

Ruwan gansakuka kaɗai muke sa wa kulorin. Ana barin sa ya kwana, a kashe kulorin da sinadarin tayosalfet, a hura iska, sannan a gwada da ƙwayar gwajin da ke mayar da ruwa ruwan hoda idan akwai saura. Ban yarda a yi wa ruwan tsutsotsi haka ba, domin kulorin yana haɗuwa da sinadarin buromin da ke cikin ruwan teku ya haifar da wasu abubuwa da gwajin nan ba ya nunawa duka.

Laraba, 10 ga Yuli

Teku ya zama fayau babu kwalekwale, in ban da na bikin Bakatue da aka yi a tafkin Benya ranar Talatar farko ta wata. Mun yi amfani da lokacin wajen gwada rijiyar yashi, bayan mun kai gaisuwa ga sarkin masunta mun nemi izini. Manufar ita ce a binne bututun roba mai ƙananan huji, naɗe da raga da tsakuwa, a cikin yashin da teku ke rufewa, ta yadda yashin gaɓar zai zama matata ta farko.

Ramin farko da aka haƙa sama da iyakar cika ya ba da ruwa garau, amma gishirinsa 18 ne, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana gangarowa ya gauraya da shi, kuma bayan an hura masa iska sai ya yi ja-ja, alamar narkakken ƙarfe. Da aka ƙara zurfi sai aka taras da baƙin yashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, aka mayar da ƙasa aka rufe. Na biyu an haƙa shi can ƙasa lokacin babbar janyewa ta farkon wata, ana haƙa igiyar ruwa na cike ramin, kuma shi ya ba da gishiri 32 ba tare da wari ba. A gwajin ƙwai ya fi ruwan bokiti nesa ba kusa ba, amma bai kai na tsakiyar teku ba. Na ware shi don iyayen kawa da wanke-wanke, wanda hakan ya rage kusan rabin abin da muke ci daga ajiya.

Litinin, 29 ga Yuli

Ruwa ya yi sanyi. Ma'aunin zafi a bakin rijiya ya nuna digiri 23, alhali a watan Afrilu 29 muke gani. Wannan shi ne lokacin da ruwan ƙasan teku ke tasowa sama a gaɓar Ghana da Kodebuwa, daga Yuli zuwa Satumba, kuma akwai wani ƙarami da ke zuwa wajen Janairu. Shi ne arzikin masunta, domin ruwan yana tasowa da takin da ke ciyar da ƙananan halittu, su kuma su jawo kifin sardin. A gare mu kuwa yana zuwa da wahala iri biyu: tsutsa ba ta saurin girma a sanyi, kuma teku yana yin kore da ƙananan halittu har matatar da kan yi mako ta toshe cikin kwana guda.

Akwai ta uku da ba a gani da ido, kuma saboda ita na koma karanta abin da ya faru a jihar Oregon ta Amurka. A shekarun 2007 da 2008 gidan ƙyanƙyasar kawa na Whiskey Creek da ke mashigin Netarts ya yi ta asarar tsutsotsi. An fara ɗora laifin a kan ƙwayar cutar Vibrio tubiashii, aka kashe kuɗi wajen tsabtace ruwa daga gare ta, amma mutuwar ba ta tsaya ba. Daga baya Alan Barton na gidan ƙyanƙyasar, tare da Burke Hales na Jami'ar Jihar Oregon, suka nuna cewa asarar tana bin lokutan da ruwan ƙasan teku ya taso, domin yana ɗauke da iskar kabon mai yawa da ke ƙara masa tsami, ta yadda tsutsa ke shan wuya wajen gina ɓawonta na farko. An buga binciken a 2012. Maganin da suka yi shi ne zaɓar lokacin jan ruwa, musamman da rana bayan ciyawar mashigin ta shanye wani ɓangare na iskar, da kuma zuba sodiyam kabonet, sinadarin da ke rage tsami, a tankuna.

Gaɓarmu ba tasu ba ce, nau'in kawar ma daban, kuma ba na son in ɗauko maganin wani in shafa wa ciwon da ban tabbatar muna da shi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ruwansu ya bi kowace irin matata kuma ya kashe tsutsa. Na fara auna pH, ma'aunin da ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, safe da yamma. Ruwan teku na yau da kullum yana wajen 8.1, ruwan ajiyarmu na watan Yuni yana nan a kai, na rijiya kuwa yana sauka zuwa 7.8 da safe, ko da yake shi yashi ma yana rage masa.

Laraba, 21 ga Agusta

An buɗe teku tun farkon wata, amma samun kwalekwale ya fi da wuya, domin lokacin kamu ne kuma kowa yana bin kifi, ga ƙarancin man firimis, wato fetur gauraye da baƙin mai, da gwamnati ke rangwanta wa masunta. Dattijon ya turo ɗan ƙaninsa da ƙaramin kwalekwale, wanda ba ya ɗaukar fiye da rabin lodin da muka saba. Yau mun tarar da tarin ciyawar sargasum tana yawo a wurin ɗiba, irin wadda ta fara addabar gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011, sai muka ƙara gaba har muka bar ta a bayanmu ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa.

Ruwan da aka kawo digiri 22 ne, gishiri 35, pH 7.9. An tace shi a ranar, aka hura masa iskar waje dare guda, da safe ya hau 8.1, zafinsa kuma ya daidaita da na rumfa. Tunda iska kaɗai ta wadatar, buhun sodiyam kabonet da aka sayo yana nan a rufe. Sai dai ɗaukewar wuta da dare tana tsayar da injin hura iska da fitila lokaci guda, don haka an haɗa injin da batir, an kuma sa doka cewa duk ruwan da ya bi layi babu wuta sai an sake bi da shi. Bututun rijiya ya ɓace a ƙarƙashin yashin da manyan igiyoyin wannan wata suka tara, ruwan da yake bayarwa ya ragu, kuma ba za a iya tono shi ba sai a babbar janyewa ta farkon watan gobe.

Alhamis, 5 ga Satumba

An tono bututun jiya, aka wanke ragar, aka sake binne shi da turakun katako da za su nuna wurinsa. Rukunin tsutsotsin da aka raina da ruwan ajiyar Yuni gauraye da na Agusta sun fara mannewa a ɓawon kawa da aka rataya musu, kuma yanzu sun koma kan ruwan da aka tace da yashi kawai, abin da zai ninka buƙatarmu ta kowane mako.

Wannan ƙarin buƙata ya dawo da maganar shimfiɗa bututu na dindindin daga rumfa zuwa cikin teku. Ra'ayina, wanda na rubuta wa Hajiya, shi ne bututun zai yi amfani ga iyaye da waɗanda suka riga suka manne, amma bakinsa ba zai wuce 'yan mitoci ɗari ba, wato yana cikin zirin da ruwan Pra ke bi, kuma injin da ke jan ruwa ba ya duba kwanan wata sai in an sa mutum ya kunna ya kashe bisa ƙa'idar da ke allo. Ruwan ƙwai da na tsutsa ya ci gaba da zuwa ta kwalekwale. Na nemi a ƙara baƙin tanki biyu kafin ƙaramar damina ta Oktoba, a sayi murafe masu kamawa sosai saboda ƙurar hunturu, a kuma aika samfurin ruwan rijiya da na tsakiyar teku ɗakin gwaji domin a auna jan ƙarfe da tutiya da makuri. Ɗiba ta gaba ranar Laraba ce, 18 ga wata, da cikar asuba, idan ba a yi ruwa ba a kwana ukun da ke gabanta.